Shekarar da Fargaba Ta Shigo Gidanmu

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi game da barinmu Garwa. Wasu sun ce mahaifinku taɓuwa ya yi. Wasu sun ce ni ce na shanye shi, na raba shi da gidan ubansa na kai shi garinmu. Yana raye ban taɓa tanka wa kowa ba, domin shi kansa ba ya son a tada maganar. Yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, ni ma ƙafa ta fara nauyi, gara ku ji daga bakina. Kada ku zaci na gane komai. Abin da idona ya gani da wanda kunnena ya ji, shi zan faɗa muku.

Ni Bafulatanar Pitowa ce, wannan kun sani. Lokacin da aka kawo ni gidan kakanku a Garwa, Hausar da nake ji ba ta wuce ta gaisuwa da ta sayen kayan miya ba. Gidan kuwa gidan mahauta ne tun kaka da kakanni, tun zuwansu daga Najeriya. A waje kowa Fulatanci yake yi, amma da an tsallako zaure sai Hausa zalla. Kakarku Hajiya Kulu ta iya Fulatanci sarai, ta ƙi yi da ni, wai don in koya. Baffanku Ɗanladi, yayan mahaifinku, shi ke riƙe da mayanka da teburin nama a kasuwa. Mahaifinku kuma shi ke fita sayen shanu. Sai ya haye gadar Binuwai ya yi kudu, ya zaga kasuwannin wajen Poli, wani lokaci har Banyo, ya dawo ya yi baƙi ya rame, yana ba da labarin hanya ana dariya. Tun yana saurayi yake haye gadar nan. Ban taɓa jin ya ambace ta ba, kamar yadda mutum ba ya ambaton ƙofar ɗakinsa.

A shekarar da nake faɗa muku, ina da addarku, 'yata ta fari, tana tafiya da ƙyar, ina kuma ɗauke da cikin Usmanu. Wata rana mahaifinku ya fita da safe da shirinsa na kwanaki, sai ga shi kafin azahar. Ya ce mota ce ta lalace. Mako ya zagayo ya sake fita, ya sake dawowa, ya ce ciki ne ya murɗa masa. A fita ta gaba ya dawo ba tare da wani uzuri ba. Ya zauna a bakin ɗaki, rigarsa jagab da gumi, yana danna ƙirjinsa da tafin hannu kamar wanda tuwo ya tsaya wa. Na kawo ruwa, ya karɓa ya sha. Daga baya direban da suke tafiya tare ya gaya wa baffanku gaskiya: motar lafiyarta lau. Da sun hango gada sai mahaifinku ya fara buga jikin mota yana cewa a tsaya, ya sauka, ya juyo gida da ƙafa.

A ranar na fara jin kalmar. Ina tankaɗe a bayan ɗaki, wata maƙwabciya ta shigo gaida Hajiya, ta tambayi jikin Auta, domin haka Hajiya take kiran mahaifinku. Hajiya ta rage murya ta ce:

"Fargaba ce ta kama shi. Ta hana shi ci, ta hana shi sakat. A bakin gada take tare shi."

Na ajiye rariya. Ban san kalmar ba, amma na ji an ce ta kama, ta hana, tana tarewa. A Pitowa mun taso da labarin mutanen ruwa, kowa ya san manyan koguna ba sa rasa masu su. Sai na ɗauka Fargaba sunan wata aljana ce da take zaune a ƙarƙashin gadar. Na yi kwanaki da wannan a raina. Ko ina shara ina tunanin kamanninta, ina tunanin me mahaifinku ya yi mata, ko ya taka mata ɗa ne, ko ya zubar da ruwan zafi inda bai kamata ba. Kunya ta hana ni tambaya. Surukata ce, ni kuma baƙuwa, Hausata ma abin dariya ce a gidan.

Na nemi izini na shiga mota zuwa Pitowa, na sami Dadata, wato mahaifiyata, tana tsinke auduga a tsakar gida. Na tambaye ta ko ta san wata iska da ake kira Fargaba. Ta juya sunan a bakinta, ta ce ba ta taɓa ji ba, wataƙila ta Hausawa ce, da ita suka zo daga ƙasarsu. Ta kai ni wurin wani tsohon modibbo, malamin unguwarmu. Ya shafa gemu, ya ce duk sunayen da ya sani babu wannan, amma Allah ya san ta. Ya yi rubutu ya wanke ya ba ni a kwalba, ya haɗa mini da turare. Na dawo Garwa ina ganin na yi abin kai.

Ina cikin turara ɗaki Hajiya ta leƙo, hayaƙi ya sa ta tari. Ta ce mene ne wannan. Na durƙusa, na tattaro 'yar Hausata na ce:

"Hajiya, na Fargaba ne. Ita Fargabar nan, a ƙarƙashin gada take kwana, ko tana biyo shi gida?"

Hajiya ta dube ni. Sai ta fashe da dariya, ta dafa bango, ta yi ta yi har ta zauna a ƙasa. Ban ankara ba na ga dariyar ta koma hawaye. Ta share da gefen mayafi, ta jawo hannuna ta ɗora a kan ƙirjina. Ranar ce kaɗai ta taɓa yi mini Fulatanci, shi ma rabi da rabi.

"'Yar nan, nan shi ne gaba. In ya faɗi, shi ne fargaba. Ranar da aka kawo ki gidan nan, da aka tsaya da ke a zaure, ba ki san kowa ba, me kika ji a nan?"

Na ce na ji kamar an saki guga a rijiya.

"To ita ce."

Na ce amma tawa ta wuce, kwana kaɗan na saba.

"Tasa ba ta wuce ba," in ji ta.

Na ce to fargabar me yake yi. Ta buɗe hannuwa, ta ce da ta sani da ba ta zauna tana kuka a ɗakin surukarta ba.

Kun ga, da na zaci aljana ce hankalina ya fi kwanciya. Aljana ana ba ta haƙuri, ana yi mata turare, tana da wurin zama. Yanzu an ce mini abin a cikin ƙirjinsa yake, kuma irin wanda kowa yake ji ne, ni ma na taɓa ji. To me ya sa nasa ya kayar da shi? Na rasa inda zan kama.

Gidan ya cika da sunaye. Kowa ya zo da nasa. Wani malami da aka kira ya ce sammu ne, abokan sana'a ne suka yi masa don sun ga yana samu. Wata gwaggonsu ta ce zullumi ne, ya cika tunanin gobe, ga iyali suna ƙaruwa. Hajiya ta ce a'a, zullumi a kai yake zama, mutum yana ta saƙawa yana kwancewa, wannan kuwa a ƙirji yake bugowa ba sallama. Ni ina gefe ina tsintar kalmomi, kowace na ɗauka sai a ce ba ita ba ce. Baffanku Ɗanladi shi bai yarda da ko ɗaya ba. Ya shigo daga mayanka da yamma, bai ko wanke hannu ba, ya tsaya a tsakar gida ya ce:

"Iya, ku daina yi masa ado. Tsoro ne. Ɗan mahauta, wanda ya taso yana kayar da bijimi, wai shi ne gada take kora."

Hajiya ta ce, "In tsoro ne, tsoron me? Ka tambaye shi mana. Mai tsoro ai yana nuna abin da yake tsoro."

"Ni abin da na sani, tebur ba nama. Shanun wasu nake saye a hannun dillalai, ina da ƙane a gida yana zaune."

Mahaifinku yana ɗaki yana jin su. Bai fito ba.

An kai shi lopital, wato asibiti, na bi su. Likitan mutumin kudu ne, Faransanci kawai yake yi. Ya sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya auna jini, ya duba ido, ya ce zuciya lafiya, huhu lafiya. Sannan ya faɗi wata kalma da ta yi mini kama da "angwas", ya maimaita ta. Ma'aikaciyar da take fassara ta nemi abin da za ta ce da Fulatanci, sai ta ce "kulol". Kulol kuwa a bakinmu tsoro ne, irin wanda yaro yake yi wa kare. Mahaifinku ya miƙe ya ɗauki hularsa. Likita yana ta magana, yana nuna kujera, shi kuwa ya riga ya kai ƙofa. Har yau ina tunanin me mutumin nan yake shirin faɗa. Wataƙila akwai magani a ƙarshen maganar tasa. Ba mu tsaya mun ji ba.

A hanya na yi ƙarfin hali na tambaye shi. Na ce, Malam, wani abu ya taɓa samunka a gadar nan ne? Ka ga haɗari? Ka ga gawa a ruwa? Ya ce babu. Na ce ko rasuwar abokinka da babur ya kayar a hanyar Banyo ce ta tsaya maka a rai? Ya ce ya yi wannan tunanin, amma ai bayan rasuwar ya haye gadar ba sau ɗaya ba, lafiya lau.

"Dudu, wallahi ban sani ba. Na san gadar ba za ta karye ba. Na sani kamar yadda na san sunana. Amma da na hango ta sai jikina ya ce mutuwa zan yi, kuma ba ya jin maganata."

Na ce to mu je tare, da ƙafa, da rana tsaka, in riƙe shi. Ya dubi cikina ya ce ba ni da hankali. Na nace. A raina ina ganin in ya ga mace mai ciki ta taka, kunya za ta ɗauke shi ta haye da shi.

Muka je wata safiya bayan rana ta ɗaga. Ruwa ya ja baya, yashi ya fito fari, mata suna wanki a ƙasa, masu babura suna wucewa suna mana hon. Da farko yana tafiya daidai, har yana nuna mini inda ake shayar da shanu. Muka hau gadar. Mun ɗan yi nisa sai na ji hannunsa ya yi sanyi a cikin nawa. Numfashinsa ya koma guntu-guntu. Ya tsaya, ya kama ƙarfen gefe da hannu biyu, sannan ya sulale ya zauna a ƙasa, babban mutum da babbar riga. Leɓɓansa suka yi fari. Yana ta kalmar shahada, yana ce mini in kula da yarinya, in roƙa masa gafarar Hajiya. Na duba gabas na duba yamma, babu komai. Rana tana haske, wata mai tallan kifi tana tahowa da tire a ka. Ni kuwa ga mijina yana mutuwa a gabana, ban ga abin da yake kashe shi ba. Mutane suka taru. Mai kifin ta sauke tire ta yayyafa masa ruwa. Wani yana cewa farfaɗiya ce, wani yana cewa a kawo albasa. Wasu samari biyu suka ɗago shi suka dawo da shi bakin gada, ya zauna a inuwa. Kafin a jima jini ya dawo masa fuska, ya miƙe da ƙafarsa, ya yi musu godiya kamar ba shi ba. A cikin taron akwai waɗanda suka san shi. Kafin la'asar labari ya kai mayanka.

Washegari baffanku ya zo da shawararsa. Ya ce ya yi magana da direba. Za a sa mahaifinku a bayan babbar mota, maza su danne shi, in ta kama a ɗaure shi da igiyar shanu, a haye da shi a dawo, a sake hayewa, har abin ya fita daga kansa. Ya ce haka ake yi wa doki mai tirjiya. Mahaifinku ya sunkuyar da kai, na ga gumi ya fara tsattsafo masa tun daga jin maganar. Ni da ban taɓa ɗaga ido na dubi baffanku ba, sai na ji bakina yana magana:

"Yaya, ba za a ɗaure shi ba."

Ya waiwayo kamar bai san ina da murya ba. Ya ce, "Da wa kike?"

"Na gan shi jiya, kai ba ka gan shi ba. In aka ɗaure shi, gawarsa za a sauke."

"To ki ciyar da shi. Gidan nan ba a zaman banza."

Na ce babana yana da gona a Pitowa da ba mai nomawa, kuma tsakanin Garwa da Pitowa ba a haye Binuwai. Ban shirya wannan maganar ba, a wurin ta zo mini. Baffanku ya dubi ƙanensa yana jira ya tsawata mini. Mahaifinku ya ɗago ya ce, a hankali, zai je. Hajiya ta tashi ta shiga ɗaki. Da muka zo sallama ranar tafiya, ta ba ni tukunyarta ta ƙarfe, ta ce in riƙa sa masa man shanu a miya yana so. Ba ta ce na kyauta ba, ba ta ce na yi laifi ba.

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Mahaifinku bai iya noma ba. Mutumin da yake duban bijimi ya faɗi naman da zai bayar, sai ga shi yana tambayar ƙannena yadda ake tsinkar auduga, suna dariya a ɓoye. Shekarun farko mun sha wuya, har sai da ya fara 'yar fawar awaki ranar kasuwa muka ɗan farfaɗo. A Garwa aka sa masa suna mijin-ta-ce. Baffanku ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata, ko a jana'izar Hajiya kau da kai ya yi. Ita kuma Hajiya ta tsufa ba Autanta a kusa, sai dai ya zo ya gaishe ta ya koma, kullum da sauri, don kada ya haɗu da abokan sana'arsa na da. Amma ya ci abinci, ya yi ƙiba, ya yi dariya da ku. Abin yakan taso masa jefi-jefi, a kasuwa ko a sahun salla, ya fita ya zauna ya dafe ƙirji, ya wuce. In na tambaya sai ya ce, "Ita ce," in ce Allah ya sawwaƙe. Iyakar maganarmu a kai ke nan.

Ke Maryama, da kika yi karatun jinya kin ce mini yanzu an san ciwon, ana maganinsa, kuma wai gujewa abin ƙara masa ƙarfi take yi, a hankali ake koya wa mutum ya tunkare shi. Tun ranar nake juya maganar. In haka ne, ashe baffanku yana da 'yar gaskiya, ko da igiyarsa ba ta da ita? Ashe ni da na ɗauke shi daga bakin gada, na taya abin zama ne? Ko kuwa da na bari an ɗaure shi da tuni ba a haife ki ba? Na tambayi kaina har na gaji. Ina ganin na cece shi, ina kuma ganin na rage shi, duka biyun a rana ɗaya.

A tafiya ɗaya tak ya sake haye gadar. Lokacin da addarku take aure a Gaundare, can kudu a ƙetaren kogi, haihuwarta ta fari ta zo da gardama, aka kira mu aka ce an shiga da ita tiyata. Na ɗauki mayafi na ce ya zauna zan je. Ban gama rufe baki ba na ga ya sa takalmi. Muka shiga mota daga Pitowa, muka canza wata a Garwa. Da muka doshi kogi ya zame daga kujera ya durƙusa a ƙasan mota, ya cusa kansa a cinyata, gemunsa fari fat, fasinjoji suna kallo. Na rufe shi da mayafina. Ina jin zuciyarsa tana bugun gwiwata, yana salati, ni ma ina yi. Wata mata a bayanmu ta tambaya ko ba shi da lafiya ne. Na ce mata fargaba ce. Ta ce Allah sarki, ta kama salatin tare da mu.

Da tayoyi suka sauka a ƙasa na ce masa mun haye. Bai yarda ba sai da direba ya tsaya. Ya fita ya yi amai a gefen hanya, ya wanke fuska, ya tsaya yana kallon ƙasar kudu da ya rabu da ita tun yana da baƙin gashi. Wani garke yana wucewa can nesa, ya bi shi da ido har ya ɓace. Ni kuwa murna ta cika ni, na ce a raina shi ke nan, ta sake shi, ashe abin da ake jira ke nan duk shekarun nan. Na matsa kusa na ce, Malam, ka gani, ka haye.

Ya juyo ya dube ni, ya dafe ƙirjinsa, ya ce:

"Dudu, saura komawa."